Idan Tsohon Injin Yankan Itace Ya Ƙi Ba Da Wuta: Yadda Ake Bin Laifin Daga Fulogi Har Kwantak

Duk shekara idan watan Agusta ya kama, ruwan Jos ya fara kwana yana zuba, sai tsofaffin injinan yankan itace su yi ta shigo mana shago. A cikin buhu ake kawo su, an ɗauro a bayan babur daga Kasuwar Katako ko daga ƙauyukan hanyar Bauchi da ta Zariya. Kafin a kwance bakin buhun mai injin ya riga ya yanke hukunci: "Malam, kwayil ne ya ƙone, a sa mini sabo." Nakan ce masa ya samu benci ya zauna tukuna. Kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke samar wa fulogi wuta, yana ƙonewa, ba a ce ba ya yi ba, amma a cikin abubuwan da ke hana tsohon inji ba da wuta shi ne mai tsada, kuma shi ne na ƙarshe da ya kamata a zarga. Na sha ganin an jefar da lafiyayyen kwayil na asali an sa na araha, alhali laifin na wata 'yar waya ce da ta goge a jikin ƙarfe.

Injinan da nake magana a kansu su ne masu kwantak, wato ɗan makunnin ƙarfe mai buɗewa da rufewa don a samu wutar fulogi, irin Stihl 070 da 090 da 08S da 041 na farko-farko, da tsofaffin Dolmar. Shi 070 ɗin, wanda masu yanka katako a nan suka fi sani, ya fito ne a 1968, girman silindarsa kusan 106 cc, kuma magajin injin Contra ne da kamfanin ya fitar a 1959. Daga baya an koma yin wasunsu da wutar lantarki marar kwantak, don haka sunan inji kaɗai ba zai gaya maka abin da ke cikinsa ba, sai an buɗe. Duk wanda ya taɓa gyaran Vespa ko tsohuwar Peugeot 504 ya riga ya san rabin wannan aikin.

Yadda wutar ke samuwa

Babu batir a injin nan. Falawil, wato ƙafar ƙarfen da ke juyawa idan ka ja igiya, yana ɗauke da maganaɗisu. Duk zagaye ɗaya maganaɗisun ya gifta ƙafafun kwayil, sai lantarki ya taso a naɗin farko, na waya mai kauri da ke ciki, ya bi ta kwantak ya shiga jikin inji. Daidai lokacin da fistin ya kusa kaiwa sama, wani ɗan tozo ya ture ƙafar kwantak, bakinsa ya buɗe, lantarkin ya yanke farat ɗaya. Wannan yankewar ce ke sa naɗi na biyu, mai siririyar waya mai zagaye dubbai, ya harba wuta ta dubban bolt zuwa fulogi. Kwandansa kuma aikinsa ya shanye tartsatsin da zai tashi a bakin kwantak, don yankewar ta zama mai kaifi kuma bakin kada ya ƙone. Maɓallin kashe inji ba ya yanke komai, haɗa wayar naɗin farko yake yi da jikin inji, wutar ta zube a can. Ka riƙe wannan, zai yi maka amfani nan gaba kaɗan.

Idan inji yana gudu 7,000 a minti, kwantak yana buɗewa ya rufe kusan sau 117 a daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa ɗan dattin da ido ba ya gani sosai yake iya kwantar da inji mai nauyin sama da kilo 10.

Kafin ka taɓa komai

Ka cire sarƙa da takobinta, wato dogon ƙarfen da take zagayawa a kai, ka ajiye gefe. Irin su 070 ba su da birkin sarƙa, kuma inji da ya yi wata bai tashi ba yana iya zaɓar ranar da hannunka ke kusa da haƙoransa ya tashi. Ka juye fetur ɗin tanki ko ka tabbata babu inda ya zuba. Kayan aiki ba su da yawa: sifanar fulogi, sukundireba, filaya, filageji mai awon milimita, mita mai auna om, abin zare falawil wanda makanikai ke kira fula, igiya mai tsabta, sanfefa mai laushi sosai, farar takarda, da sabon fulogi wanda ka tabbata yana aiki. Ka ɗauki hoton kowane mataki da wayarka kafin ka kwance. Wayoyin da ke ƙarƙashin falawil suna da hanyar da aka bi da su, idan ka mayar ta wata hanyar falawil zai cinye su.

Mataki na farko: fulogi

Cire fulogi ka karanta fuskarsa. Idan a jiƙe yake da fetur, mai yana zuwa, wuta ce babu ko ta yi rauni. Idan a bushe yake ƙarau bayan ka ja igiya sau goma da cok a rufe, to matsalarka ta kafireta ce ko tiyon mai, ka bar kwayil ya huta. Baƙi mai gawayi kuma yana nuna mai ya yi yawa. A nan Jos wannan ya fi yawa, saboda garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iska ta fi ta gangare sirantaka. Injin da aka saita kafiretarsa a Lafiya ko Makurɗi idan ya hau Filato sai ya riƙa shan mai fiye da iskar da yake samu, fulogi ya yi ta baƙi. Ga kuma masu haɗa fetur da baƙin man mota maimakon man inji mai bugu biyu. Haɗin 25:1 da ake yi wa tsofaffin injina mililita 40 ne na mai a litar fetur ɗaya, na 50:1 kuma mililita 20. Wanda ke zubawa da ido yakan wuce haka nesa.

Fulogin da ya dace da yawancin waɗannan injina shi ne Bosch WSR6F ko NGK BPMR7A, tazarar bakinsa milimita 0.5. Gajeren zare gare shi. Kada ka ɗaura na babur mai dogon zare don kawai ya shiga ramin, fistin zai iya dukansa.

Yanzu gwajin wuta. Yadda kowa ke yi shi ne a sa fulogi a hularsa, a jingina shi a jikin silinda, a ja igiya. Wannan gwajin yana yaudara. A fili, cikin iska, ko wuta mai rauni tana iya tsallake rabin milimita, amma a cikin silinda inda fistin ya matse iska sai ta kasa. Abin da nake yi shi ne, ina da wani tsohon fulogi da na karye ƙugiyar bakinsa, tazarar ta koma wajen milimita 5 zuwa 6. Na haɗa shi da jikin inji da waya mai kama, na kai shi nesa da ramin fulogi don tururin fetur da ke fitowa daga ramin yana kamawa da wuta, na shiga inuwa, na ja igiya da ƙarfi kamar zan tayar da injin. Lafiyayyar wuta za ta tsallake wannan tazarar, shuɗiya, kana jin ƙararta ƙyas-ƙyas. Ja-ja mai fitowa yau ta ɓace gobe ba wuta ba ce. Kada kuma ka ja igiya wayar fulogi tana reto ba ta taɓa komai, wutar da ta rasa mafita a cikin kwayil take neman hanya, ta huda shi.

Mataki na biyu: wayar kashe inji

Wannan gwajin ba ya cin minti biyar, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Zare wayar da ke zuwa maɓallin kashewa daga jikin maɓallin, ka naɗe bakinta da tef kada ta taɓa ƙarfe, ka sake gwada wuta. Idan wuta ta dawo, maɓallin ne ya lalace ko ya cika da jiƙaƙƙen garin katako. Idan ba ta dawo ba, ka bi wayar da yatsa tun daga maɓalli har inda ta shige cikin inji. Robar waya mai shekara arba'in takan bushe ta tsattsage, musamman inda ta ratsa rami ko ta kwanta a kan kaifin ƙarfe, kuma girgizar 070 ba ta wasa ba ce. Ko'ina tagullar ta taɓa jikin inji daidai yake da ka danna maɓallin kashewa.

Wani dattijo ya taɓa kawo mini 08S da ya ce tun mahaifinsa na raye ake yanka itacen turare da shi a wajen Bukuru. An riga an gaya masa kuɗin sabon kwayil, ya zo ne kawai in ɗaura. Na zare wayar nan, na ja igiya sau ɗaya, wuta ta yi tsalle. Ya dube ni ya ce, "Yaro, shi ke nan?" Na ce, "Baba, shi ke nan, sai kuɗin waya taku ɗaya." Bai yarda ba sai da ya ji injin yana kuka.

Daga nan ka duba babbar wayar fulogi. Zare hular roba, a ciki akwai ɗan sifirin da tsininsa ke huda wayar ya taɓa tagullar tsakiya. Yakan yi tsatsa ko ya goce. Idan wayar tana da saura, yanke kamar santimita ɗaya ka sake huda ta a daidai tsakiya. Idan ta tsage, canza ta da mai tagulla a ciki. A yawancin tsofaffin kwayil wayar murɗa ta ake yi a kan wani tsini mai zare, don haka tana fita ba tare da an fasa komai ba.

Mataki na uku: cire falawil

A nan ne ake yin gyaran gangar Auzinawa. Cire murfin igiya. A 070 da 090 akwai fanka da aka ɗaure a kan falawil da sukurori, ita ake fara cirewa. Don hana inji juyawa, juya falawil har fistin ya haura ya rufe ƙofar salansa, sannan ka cusa igiya mai tsabta ta ramin fulogi ka bar jelarta a waje. Idan ka cusa tun fistin yana ƙasa, igiyar za ta leƙa ta ƙofar salansa fistin ya datse ta. Kada ka soka sukundireba tsakanin fukafukan fanka don ka riƙe, fiffike ɗaya ya karye falawil ya daina daidaito ke nan.

Kwance notin. Kafin ka sa ƙarfi ka duba zaren da ya leƙo a bakin kiranshaf, sandar ƙarfen da falawil ke zaune a kanta, ka ga inda ya nufa. A yawancin injina notin falawil yana kwancewa yadda aka saba, na kuloci ne ke yawan zuwa da zaren hagu. Sai ka ɗaura fula ka murɗa a hankali har ka ji ya ce ɗas. Guduma a kan bakin kiranshaf tana lalata zare, tana cutar da boris, tana kuma raunana tsohon maganaɗisu. Idan ba ka da fula, ka ara a wajen makanikan Dilimi a nan Jos ko ka kai wa mai ita ya zare maka. Garin neman gira kada a rasa ido.

Da falawil ya fita, abu na farko da za ka duba shi ne ki, ɗan ƙarfen nan mai siffar rabin wata da ke zaune a wuyan kiranshaf. Idan ya yanke ko ya ɗan goce, falawil ya juya daga mazauninsa, wuta za ta zo lafiya lau amma ba a lokacinta ba. Alamarsa ita ce inji mai wuta mai kyau da mai, amma ya ƙi tashi, ko ya riƙa fizge igiya daga hannunka. Sai ka sa tsinin ƙusa ka ja layi ɗaya daga farantin da kwayil da kwantak ke zaune a kai zuwa jikin inji. Wannan layin shi ne tayimin ɗinka, wato saitin lokacin da wuta ke tashi. Kada ka sassauta sukurorin farantin kafin ka ja shi.

Mataki na huɗu: kwantak

Buɗe ɗan murfin da ke kansa, idan yana da shi, ka haska da tocila. Ka ɗaga ƙafar da farce ka kalli fuskokin nan biyu masu kamar ƙwayar gero. Lafiyayyu suna da launin toka mai haske, a shafe, suna haɗuwa fuska da fuska. Ga abin da akan gani idan akwai matsala.

Fari-fari ko kore-kore a kan fuskar, wannan danshi ne. Shi ne ciwon damina, injin da aka ajiye a ƙasan ɗaki tun Mayu. Baƙi mai maiƙo kuma mai ne ya hau. Kada ka goge kawai ka rufe, ka nemi inda man ya fito. Idan bayan farantin a jiƙe yake, oyil sil na kiranshaf, robar da ke tare mai, ya mutu, kuma sil ɗin da ke fitar da mai yana shigar da iska, iskar da za ta sa inji ya yi zafi har fistin ya kama. Canza sil ya zama dole. Idan kuma ka ga rami a fuska ɗaya da ɗan tsiro a ɗayar, ko sun ƙone sun yi shuɗi, to kwandansa ne ya gaza, ya bar tartsatsi yana cin ƙarfen.

Wankewa: yanka siririn sanfefa mai laushi, ka ninka shi yadda ɓangarorin biyu za su ci, ka sa tsakanin fuskokin, ka bar sifirin ya matse, ka ja sau biyar ko shida. Ba sassaƙa kake yi ba. Sai ka ɗiga ɗan fetur tsantsa marar haɗi ko sifirit a farar takarda mai ƙarfi, ka ja ta tsakaninsu, ka sake da busasshiya, har takardar ta fito fara fat. Ka buɗe bakin kafin ka zare takardar a jan ƙarshe don kada gashinta ya maƙale. Ƙwayar yashi ɗaya daga sanfefa ta isa ta hana bakin rufuwa, kuma mutane da yawa a nan suke faɗuwa: sun wanke, wuta ba ta zo ba, sai su ce ai dama kwayil ne.

Duba ƙafar fiba da ke hawa tozo. Ita ce ke cinyewa a hankali, tana cinyewa tazarar tana raguwa, har wata rana bakin ya daina buɗewa gaba ɗaya. Idan ta cinye sosai ko sifirin ya saki, sai sabon kwantak. Akwai ɗan audugan da ke shafar tozon, ka ɗiga masa ɗigo ɗaya na mai, ɗaya tak, ko ka shafa giris kamar kan ashana a jikin tozon. Abin da ya wuce haka a bakin kwantak zai ƙare.

Tazarar bakin idan ya buɗe iyakar buɗewarsa milimita 0.35 zuwa 0.4 ce a yawancin waɗannan injina. A wasu tozon yana jikin kiranshaf, sai ka saita falawil yana waje. A wasu kuma yana jikin cibiyar falawil ɗin, dole ka mayar da shi ka yi aikin ta 'yar tagar da aka bari a fuskarsa. Juya har bakin ya kai ƙarshen buɗewa, sassauta sukurun da ke riƙe da ɓangaren da ba ya motsi, sa filageji mai tsabta, matsa har ka ji yana ɗan ja kaɗan, ka ɗaure. Sake aunawa bayan ka ɗaure, domin ɗaurewar takan motsa shi. Sannan ka sake jan farar takarda, filageji yakan bar maiƙo.

Kwandansa da kwayil

Kwandansa ɗan gwangwani ne mai waya ɗaya. Zare wayarsa daga kwantak kafin ka auna. Da mita mai allura a kan awon om mafi girma, allurar za ta ɗan yi tsalle ta koma inda take. Idan ta tsaya a tsakiya, yana yoyo. Mita mai auna maikurofarad za ta nuna wajen 0.15 zuwa 0.25. Sai dai kwandansa munafuki ne, yana iya cin jarrabawa da sanyi ya faɗi idan ya ji zafi. Ni dai idan na ga bakin kwantak ya ƙone, ko kwandansan ya kai shekarun injin, canza shi nake yi ba tare da dogon bincike ba, kuɗinsa bai kai na wahalar sake cire falawil ba. Idan na asali ya gagara samu, na tsohon babur mai kwantak yana yi, muddin ya samu wurin zama kuma jikinsa ya damƙi ƙarfen inji sosai. Inda ake buƙatar liƙi da dalma, kai wa mai gyaran rediyo ya yi maka mai tsabta.

Sai yanzu muka iso kan wanda ake zargi tun farko. Raba wayar kwayil da kwantak da kwandansa, in ba haka ba mita za ta bi ta wata hanyar ta ba ka amsar ƙarya. Tsakanin wayar da ke zuwa kwantak da ƙarfen kwayil, naɗin farko ke nan, galibi daga ƙasa da om 1 zuwa wajen om 2. Tsakanin bakin wayar fulogi da ƙarfen, naɗi na biyu, galibi om 5,000 zuwa 10,000. Idan mita ba ta motsa ba sam a naɗi na biyu, kuma ka tabbata ba babbar wayar ce ta rabu da tsininta ba, to waya ta tsinke a ciki. Ka kuma duba jikinsa: tsagewa, kumburi, ko wani siririn baƙin layi kamar an zana da fensir, wanda ke nuna inda wuta ke tserewa. Idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, yanzu kana da hujjar sayen kwayil. Ka tafi kasuwa da tsohon a hannu, don ramukan sukurori da tsayin ƙafafu sukan bambanta ko da an rubuta lamba ɗaya a kwali. Idan ka samu na asali da aka cire daga mataccen inji kuma ya ci awo, ni shi zan ɗauka kafin sabon da ba a san asalinsa ba.

Tsakanin ƙafafun kwayil da maganaɗisu akwai tazarar milimita 0.2 zuwa 0.3. Idan kwayil a wajen falawil yake, sa ɗan katin adireshi irin na 'yan kasuwa a tsakani, juyo maganaɗisu ya fuskanci ƙafafun, sassauta sukurori ka bar shi ya jawo kwayil ɗin da kansa, ka ɗaure, ka zare katin. Idan a ciki yake, da filageji za ka auna ta taga. Goge tsatsar ƙafafun da mazaunin kwayil, don ta nan yake haɗuwa da jikin inji. Maganaɗisun kuma ka kusanto masa da sukundireba, ya kamata ya fizge ta tun kafin ta taɓa. Idan ka ga alamar gogayya a ƙafafun kwayil, kama bakin kiranshaf ka girgiza sama da ƙasa. In yana motsi, boris ya tafi, kuma babu saitin kwantak da zai zauna a kan kiranshaf mai rawa.

Tayimin

A waɗannan injina wuta tana tashi ne fistin yana saura kamar milimita 2 zuwa 3 ya kai ƙarshen sama, kowane samfuri da nasa adadin a littafinsa. Idan ba a taɓa motsa farantin ba, kuma ka saita tazarar kwantak daidai, tayimin yakan faɗa wurinsa da kansa. Abin lura shi ne tazarar tana taɓa tayimin: idan ta yi faɗi wuta ta zo da wuri, idan ta yi ƙunci ta makara. Don haka tazara ake fara saitawa.

Idan wani ya riga ka motsa farantin, ga yadda za ka nemo wurin. Mayar da falawil a kan ki ɗinsa. Sa ma'auni ta ramin fulogi ka nemo inda fistin ya kai ƙarshe, ka yi alama a falawil da jikin inji. Juya baya har fistin ya sauka adadin da ake so, ka yi alama ta biyu. Sai ka sa siririyar takarda, irin ta cikin kwalin sigari, a bakin kwantak yana rufe, ka riƙe ta da ɗan ja, ka juya falawil a hankali ta inda inji ke juyawa. Inda takardar ta suɓuce nan ne bakin ya fara buɗewa, kuma ya kamata ya dace da alama ta biyu. In bai dace ba, sassauta farantin ka juya shi kaɗan, ka sake. Da mita ma ana yi, amma sai an zare wayar kwayil. Wutar da ta yi wuri tana fizge igiya tana sa inji zafi. Wadda ta makara tana sa shi sanyin jiki, ya shiga itace ya riƙa nishi.

Wajen mayarwa, wanke wuyan kiranshaf da ramin falawil su bushe ƙarau, babu giris babu mai. Matsewar wuyan ce ke riƙe falawil, ki wurin zama kawai yake nuna masa. Wanda ya shafa giris a nan zai yanke sabon ki cikin mako. Ɗaure notin sosai, zare igiyar da ka cusa, ka juya da hannu ka saurara ko akwai abin da ke gogawa.

Maganar cire kwantak gaba ɗaya

Akwai 'yar na'ura kamar akwatin ashana, irin su Nova II da Atom, da ake sawa a madadin kwantak da kwandansa: waya ɗaya zuwa naɗin farko na kwayil, ɗaya zuwa jikin inji. Akwai kuma cikakken faranti marar kwantak da ake yi wa 070. Ga mai shiga daji ya yi sati uku, inda babu fula babu filageji, wannan dabara ce mai kyau, danshi da datti ba sa damunta. Amma ba kowane inji take karɓa ba. A wasu sai an juya wayoyin kafin wuta ta zo, a wasu tayimin yakan goce har sai an ɗan juya faranti, kuma tana son a ja igiya da sauri fiye da yadda kwantak ke buƙata. Ba ta son zafi, don haka a ɗaure ta inda iskar fanka ke bugawa. Idan ta mutu kuma ta mutu, babu sanfefar da za ta tashe ta. Shi ya sa nake ƙulle wa mai injin tsohon kwantak da kwandansansa a leda in ce ya ajiye.

Bayan an gama

Injin da ya tashi a shago bai gama cin jarrabawa ba. Mayar da takobi da sarƙa, ka samu gungume ka yi ta yanka na minti goma sha biyar ko ashirin har ya yi zafi sosai. Idan ya mutu a tsakiyar aiki, kada ka tsaya jiran ya huce, nan take ka cire fulogi da tsumma a hannu ka gwada wuta. Babu wuta da zafi amma tana dawowa idan ya huce: kwandansa ne, in kuwa sabo ne to kwayil. Akwai wuta: ka sassauta murfin tanki ka saurara, idan ka ji ya ja iska fuu, hancin tankin ne, ɗan ramin da ke shigar da iska, ya toshe, ba ruwan wuta a ciki.

Wajen ajiya, kada a bar shi a kan siminti ko ƙasa da damina, a ɗora a kan katako a wuri mai iska, kuma kada a naɗe shi a leda yana jiƙe. Bayan kowane aiki a cire murfin igiya a share garin katakon da ya taru a fanka da haƙarƙarin silinda, don shi ke riƙe danshi kuma shi ke sa kwayil ya gasu. Lokacin hunturu, sanyin Disamba da Janairu na Jos yakan sa inji nauyin tashi da asuba ko da wutarsa lafiya, a ba shi cok da haƙuri kafin a ɗauko sifana. Tazarar kwantak kuma a duba ta sau ɗaya a shekara, ni nakan ce wa masu injin su kawo a watan Maris, kafin ruwan farko, lokacin da layin shagon bai yi tsawo ba.